Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Horar da Tekwando a Nijar da Arewacin Najeriya

Malamaina da 'yan'uwana masu horarwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Kano, Kaduna, Sakkwato da duk inda ake share fili domin koyar da wannan wasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya tare da iyali da almajiransa, ina neman izinin manyanmu, waɗanda suka riga mu ɗaura ɗamara, in gabatar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke koyarwa. Na zaɓi in rubuta ta a bainar jama'a ne saboda ba laifin mutum ɗaya ba ne, ba kuma matsalar gari ɗaya ba ce, sannan iyayen da suke danƙa mana 'ya'yansu suna da haƙƙin su ji abin da muke faɗa wa junanmu.

Maganar ita ce mun raba wasan nan gida biyu. Pumse, jerin motsin da ɗalibi yake yi shi kaɗai bisa tsari, ya zama abin da ake haddacewa idan jarrabawar ɗamara ta ƙarato, a yi shi a gaban masu jarrabawa, a ajiye shi sai wata ta zagayo. Kyorugi kuwa, wato karawa tsakanin mutum biyu, ya zama abin da ake tura yaro a ciki da zarar an sami sulken ƙirjin da ya yi masa daidai, a ce masa ya shiga ya buga. Babu abin da ya haɗa na farko da na biyu a aikinmu na yau da kullum. Shi ya sa muke yaye ɗalibai iri biyu: wanda ya haddace Teguk takwas cif, wato jerin pumsen da ake koya kafin baƙar ɗamara, amma yana runtse ido ya juya baya da zarar ƙafa ta taso masa, da kuma mai zafin nama wanda yake cin maki a gasar gari amma ba ya iya tsayuwa daram a kan ƙafa ɗaya, kuma tun bai kai ko'ina ba gwiwarsa ta fara damunsa.

Nauyin da ke kanmu ya ƙaru tun daga shekarar 2016, lokacin da Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kai wasan ƙarshe na ajin sama da kilo 80 a gasar Olamfik ta Rio, ya dawo wa Nijar da lambar azurfa bayan Radik Isaev na Azarbaijan ya rinjaye shi da maki 6 da 2. Kafin wannan rana lambar Olamfik ɗaya tak ƙasar take da ita, tagullar da Issaka Daboré ya ciwo a damben zamani a Munich a 1972, shekara 44 ke nan tsakani. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. A Najeriya, Chika Chukwumerije ya riga ya ciwo tagulla a Beijin a 2008. 'Yan'uwanmu na sauran ƙasashen Afirka ma ba a bar su a baya ba, domin Daba Modibo Keita na Mali ya zama zakaran duniya a 2007 da 2009, Anthony Obame na Gabon ya ci azurfa a Landan a 2012. Waɗannan nasarori ne suka sa uban da a da yake kallon wasan a matsayin koyon faɗa ya kamo hannun ɗansa ya kawo mana shi da kansa. Wannan amana ce, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan.

Masu raina pumse a cikinmu suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su kafin a ba su amsa. Dolyo cagi, shurin kewaye da ya fi kowane shuri yawa a filin karawa, ba ya bayyana a jerin Teguk sai an kai na shida, Yuk Jang, kuma a can ma sau biyu kacal ake yin sa. Dwi cagi, shurin baya, babu shi sam a Teguk takwas ɗin, haka nan neryo cagi wanda ake ɗaga ƙafa sama a sauke ta a kan abokin karawa. A pumse ana janye dunƙulen hannu zuwa ƙugu, alhali wanda ya yi haka a fili ya buɗe ƙirjinsa ga duk mai so. Saboda haka malamin da ya gaya wa ɗalibansa cewa yawan maimaita pumse zai koya musu karawa bai faɗa musu gaskiya ba. Pumse ba ya koyar da tazara, ba ya koyar da sanin lokacin shiga da na fita, domin waɗannan sai da mutum mai motsi a gabanka ake samun su. Abin da yake koyarwa wani abu ne daban, wanda idan babu shi karawar ma ba ta tsayuwa: yadda ake ɗauke nauyin jiki daga ƙafa zuwa ƙafa ba tare da tangaɗi ba, yadda ƙarfi yake tasowa daga ƙasa ya bi ta ƙugu ya fita ta hannu ko ƙafa, yadda ake juyawa kwata ko rabi ko kwata uku a tsaya cak inda aka nufa, da yadda numfashi yake tafiya tare da motsi.

Mu ɗauki motsi biyu na farkon Teguk Il Jang, wato Teguk na farko, wanda motsinsa 18 ne gaba ɗaya, kuma kowannenmu ya koyar da shi har ya daina ganinsa. Daga tsayuwar shiri ɗalibi yana juyawa hagu, ya ajiye ƙafar hagu a gajeriyar tsayuwa ta ap sogi, ya tare ƙasa da hannun hagu, sannan ya tako da ƙafar dama ya kai naushi da hannun dama saitin ƙahon zuci. Idan malami ya tsaya a gefen yaro ɗaya, ba a gaban layi yana ƙirga ba, zai ga abubuwa da dama a cikin wannan ɗan taƙin. Shin ido ya riga jiki juyawa, ko yaron ya juya ne sannan ya nemi inda zai kalla? Dunƙulen hagun ya taso daga kafaɗar dama, ko daga ciki ya jefo shi? Ya murɗa hannun a ƙarshen tafiyarsa, ko ya murɗa tun daga farko ƙarfin ya zube a hanya? Hannun ya tsaya sama da cinya da kimanin faɗin dunƙule biyu, ko ya wuce can gefe inda babu abin da yake tarewa? Mafi muhimmanci duka, shin saukar ƙafa da tsayuwar hannu da komawar ɗaya hannun ƙugu sun faru a lokaci guda? Yawancin yaranmu ƙafa ce take fara sauka, sai hannu ya biyo baya shi kaɗai, kafaɗa ta ɗage har kusa da kunne. Yaron da ya saba da haka a motsi na farko na pumse na farko, da wannan rarrabuwar zai shiga fili, inda naushinsa ba zai motsa sulke ba balle alƙalai su danna masa maki. A motsi na biyar da na shida kuma, inda ake shiga doguwar tsayuwa ta ap kubi a tare ƙasa a kai naushi ba tare da an tako ba, nan ne wurin da ɗalibi zai fara jin aikin ƙugu, domin babu taku da zai ara masa ƙarfi. Idan aka wuce wannan wuri da gudu saboda ana son a kai ƙarshe a yi ihun da ake kira kihap, an zubar da darasin da ya fi kowane tsada a cikin jerin.

Ina roƙon mu riƙa faɗa wa ɗalibi dalilin kowane gyara, da harshen da yake ji a gida. Sunayen motsi na Koriya ne kuma dole ya san su, domin da su za a yi masa umarni a ko'ina a duniya, amma bayanin abin da ya sa diddige zai juya ko kafaɗa za ta sauka ba ya buƙatar Faransanci ko Turanci. Kada kuma mu manta cewa pumse a karan kansa fagen gasa ne, yana da gasar duniya tun 2006 da aka fara ta a Seoul, inda ake raba maki 10 gida biyu, 4 na daidaito da 6 na gabatarwa, ana cire 0.1 a ƙaramin kuskure da 0.3 a babba. Akwai yara a hannunmu waɗanda Allah bai yi su da son gwabzawa ba amma ya ba su nutsuwa da kyawun motsi, kuma wannan fage ba ya buƙatar sulken lantarki mai tsada, sai malami mai ido.

A kan dolyo cagi ne nake so in fi daɗewa, saboda a nan ne muke yi wa yara illar da ba ta bayyana sai bayan shekaru. Shurin yana farawa ne da ɗaga gwiwa gaba, kamar za a yi ap cagi, wato shurin gaba, domin kada abokin karawa ya gane abin da ke tafe. Daga nan ƙafar da ke ƙasa take juyawa a kan tushen yatsu, diddige ya bar ƙasa kaɗan ya kewayo ya nufi wajen wanda ake shuri, ƙugu ya kifu, sannan ƙwauri ya fita kamar bulala a daki wurin da bayan ƙafa, a naɗo shi da sauri kafin a sauke. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙafar ƙasa ta kafe ba ta juya ba, alhali saman jiki ya juya da ƙarfi. Gwiwa gaɓa ce da aka halitta domin lanƙwasawa da miƙewa, ba domin murɗawa ba, kuma duk juyin da tafin ƙafa ya ƙi yi, ita take ɗauka. Matsalar ta fi tsanani a wurarenmu saboda da yawanmu a kan siminti mai kaushi ko a kan yashi muke horarwa, wasu yaran kuma da takalmin roba mai kama ƙasa suke zuwa, ga fatar ƙafa da take tsagewa a lokacin hunturu har yaro ya riƙa gudun juyawa saboda zafi. Maganin wannan ba shi ne a ƙara yawan shuri ba. Gara ɗalibi ya dafa bango ya yi shurin a hankali, ana kallon diddigensa, ya ɗaga, ya juya, ya miƙe, ya naɗe, ya sauke, har juyin ya zame masa jiki, da a jera shi a layi ya yi ɗaruruwa a karkace yana ƙara kafe kuskuren. Naɗowar ma ba ado ba ce. Wanda ya bar ƙafarsa ta faɗo duk inda nauyi ya kai ta ya sauka ne a gaban abokin karawa ba shiri, wanda kuwa ya naɗo yana da zaɓin ya sauke gaba ya ƙara wani shurin, ko ya mayar baya ya fice.

Tsakanin wannan aiki na mutum ɗaya da cikakkiyar karawa akwai matakai da magabata suka tanada, mu ne muka tsallake su. Allon duka da ake riƙewa a hannu shi ne na farko, kuma mai riƙe shi malami ne ko da ɗalibi ne, domin idan ya tsaya ƙiƙam yana miƙa allon wuri ɗaya, yana koya wa ɗan'uwansa shurin abin da ba ya motsi. Ya kamata ya matso, ya ja da baya, ya ɓoye allon ya fito da shi ba zato, wani lokaci ma ya kai wa mai shurin bugu da shi domin ya tuna hannuwansa. Sai hanbon kyorugi, karawar taku ɗaya, wadda a wurare da yawa ta koma wasan kwaikwayo: mai kai hari yana tsayar da naushinsa nesa da jiki, mai tarewa yana tare iska. Idan naushin ba zai taɓa shi ba ko da bai tare ba, to me aka koya? A gyara tazarar yadda harin zai isa da gaske, a fara a hankali, a riƙa ƙara sauri gwargwadon ƙwarewa.

Matakin da na fi ganin amfaninsa, kuma na fi ganin an yi watsi da shi, shi ne karawa mai sharaɗi. A sa wa mutum biyu sulke, a ce wannan ba shi da izinin komai sai dolyo da ƙafar baya, a lokacin da ya ga dama, wancan kuma aikinsa ya zame baya kaɗan ya rama kafin ƙafar ta sauka. Bayan ɗan lokaci a sauya. Gobe a ce ɗaya ya kai hari da ƙafar gaba, ɗayan ya kauce gefe. Jibi a tsayar da ɗaya a bakin layi a ce ya nemi hanyar komawa tsakiya ba tare da ya fita ba. Da yake kowa ya san abin da zai zo amma bai san yaushe ba, tsoro yana raguwa, ido yana buɗewa, yaro ya fara karanta kafaɗa da ƙugun abokinsa. A nan ne kuma ake koyar da bambancin buɗaɗɗiyar tsayuwa da rufaffiya, wanda na tarar ɗalibai masu jar ɗamara, waɗanda suka kusa kai wa baƙa, ba su taɓa jin labarinsa ba. Idan ɗaya ya sa ƙafar hagu gaba ɗayan ya sa ta dama, ƙirazansu suna kallon ɓangare guda, kuma dolyo na ƙafar baya zai sami ciki kai tsaye. Idan kuwa dukansu hagu ce a gaba, ƙafar baya gefen baya za ta tarar, ƙafar gaba ce take da hanyar ciki. Ɗan wasan da bai san wannan ba yana jefa ƙafa ne kawai yana fatan dacewa.

Yaranmu ba baƙin tazara ba ne, domin da yawansu sun taso suna kallon dambe. Sun ga yadda ɗan dambe yake miƙa hannun garkuwa yana auna nisan abokin karawa da shi, yana kewayawa yana jira, hannun da aka ɗaure yana baya har sai ƙofa ta samu. Ƙafar gaba a tekwandon yau irin wannan aiki take yi, tana aunawa, tana tokarewa, tana hana shigowa, kuma malamin da ya nuna wa ɗalibi haka ya taƙaita masa hanya.

Dalilin da ya sa ƙafar gaba ta sami wannan matsayi yana cikin dokoki da kayan wasa, kuma wajibi ne mu san su. Tekwando ya zama cikakken wasan Olamfik a Sidni a 2000, bayan an nuna shi a Seoul a 1988 da Basalona a 1992. Bayan ƙorafe-ƙorafen alƙalanci da aka yi a Beijin, an shigo da sulken lantarki a Landan a 2012, aka ƙara kwalkwalin lantarki a Rio a 2016. Na'urar da ke cikin safar ƙafa ce take haɗuwa da ta sulke ta ba da maki idan bugun ya kai ƙarfin da aka ƙayyade wa ajin nauyin, kai kuwa taɓawa ta wadatar, naushi kuma alƙalan gefe ne suke danna shi. A gasar Faris ta 2024 naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a ƙirji 2, shuri a kai 3, shurin juyi a ƙirji 4, shurin juyi a kai 5, kuma ana yin turmi uku na minti biyu-biyu, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Faɗuwa ƙasa, fita daga layi, riƙe abokin karawa, shuri ƙasa da ƙugu, ko rataye ƙafa a sama fiye da daƙiƙa 3 domin tarewa, kowanne gamjom ne, wato hukuncin laifi, da yake ba abokin karawa maki ɗaya, kuma gamjom biyar a turmi guda sun kayar da mutum a wannan turmin. Hukumar World Taekwondo tana yawan yi wa waɗannan dokoki kwaskwarima, saboda haka wanda yake koyar da abin da ya sani tun zamanin da yake wasa yana iya tura ɗalibinsa fili da dokar da aka daina aiki da ita. Ku lura kuma cewa biyu daga cikin laifuffukan nan, faɗuwa da fita layi, laifuffukan tsayuwa ne da juyi, wato ainihin abin da pumse yake gyarawa.

Ina gargaɗin kada mu mayar da kowane yaro kwafin Alfaga. Tsawonsa ya haura mita 2, kuma salon da yake yi wa mai irin wannan ƙafa aiki ba zai yi wa gajere ba. Gajere yana buƙatar taku, shiga ciki da sauri, naushi mai nauyi, da shurin baya a lokacin da dogo ya miƙo ƙafa. Kada kuma sauƙin cin maki da ƙafar gaba ya sa mu bar shurin juyi. Cheick Sallah Cissé na Kwaddibuwa ana gaba da shi a wasan ƙarshe na ajin kilo 80 a Rio, sai a daƙiƙar ƙarshe ya juya ya sami kan Lutalo Muhammad na Birtaniya, wasa ya tashi 8 da 6, ƙasarsa ta sami zinariyarta ta farko a tarihin Olamfik. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da ya gaji, ana binsa maki, ga lokaci ya ƙare, ba zai iya juyi irin wannan ya tsaya da ƙafarsa ba sai idan jikinsa ya daɗe da sanin hanyar.

Maganar lafiya ba ta buƙatar dogon bayani, tana buƙatar tsayawa ne kai da fata. Yaron da aka buga a kai ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya gama wasan ranar, kuma likita ne zai duba shi. Zuba masa ruwa a ka a ce namiji ne ya koma fili zalunci ne, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kashewa. Dokar gasa ta tanadi hutun aƙalla kwana 30 ga babba, fiye da haka ga yaro, kuma babu dalilin da zai sa ɗakin horonmu ya fi filin gasa sakaci. Babu shuri a kai ba tare da kwalkwali da robar haƙori ba, kuma ba a haɗa sabon shiga da tsohon hannu domin a gwada zuciyarsa. Haka nan al'adar sa yaro ya naɗe jiki da leda ya yi gudu a rana domin ya faɗa ƙaramin aji, a garuruwan da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, wasa ne da rai da ƙoda. Ko a manyan gasa an sa awon ba-zata da safiyar wasa, wanda bai yarda mutum ya haura ajinsa da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, domin a rage wannan ɗabi'a. Yaro mai girma a bar shi ya hau ajin da jikinsa ya kai shi. A watan azumi kuma a mayar da aiki mai nauyi bayan shan ruwa, a bar yamma ga pumse a hankali da gyaran tsayuwa, wanda dama shi ne aikin da muke cewa ba mu da lokacinsa.

'Yan mata suna zuwa, kuma za su ƙaru idan iyaye suka ga tsari. Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a Rio da Tokyo da lulluɓinta a ƙarƙashin kwalkwali, Tekiath Ben Yessouf ta Nijar kuma ta kai wasan neman tagulla a Tokyo. Abin da ya rage mana shi ne mu ware musu lokaci da wurin sauya kaya, mu kuma yaye mata masu horarwa da gangan, ba mu jira su fito da kansu ba.

Duk abin da na faɗa a sama yana komawa ne ga jarrabawar ɗamara, domin abin da ake tambaya a jarrabawa shi ake koyarwa. Na san halin da muke ciki. Mafi yawanmu babu mai biyanmu albashi, daga aljihunmu muke sayen allo da sulke, kuma kuɗin jarrabawa ne ɗan abin da yake shigowa. Ga iyaye suna tambayar yaushe launi zai sauya, ga tsoron kada yaro ya koma wurin wani malamin da ya fi saurin bayarwa. Duk da haka, ɗamara shaida ce da malami yake bayarwa cewa wannan ɗalibi ya iya kaza da kaza, kuma shaidar da aka bayar a kan abin da ba a gani ba, kowa ya san sunanta. Kukkiwon, hedikwatar wasan da aka buɗe a Seoul a 1972, ba ta barin mai dan na farko, wato matakin farko na baƙar ɗamara, ya nemi na biyu sai bayan shekara 1, na uku sai bayan 2, na huɗu sai bayan 3, kuma wanda bai kai shekara 15 ba pum, wato matakin yara, take ba shi, ba dan ba. Idan masu asalin wasan sun ga wajibcin jira a sama, bai dace mu riƙa tsere a ƙasa ba.

Abin da nake roƙo shi ne masu horarwa na kowane gari su yarda a tsakaninsu cewa ba malamin ɗalibi ne kaɗai zai jarraba shi ba, a gayyato wani daga wani ɗakin horo ya zauna tare da shi. A jarrabawar, bayan ɗalibi ya yi pumsensa, a zaɓi motsi ɗaya daga ciki a ce ya nuna shi a jikin abokinsa, ya kuma faɗi abin da yake tarewa da inda ƙarfinsa yake fitowa. A sa shi ya yi shurin matakinsa a hankali da dama da hagu, domin a hankali ne kuskure ba ya ɓuya. A ba shi karawa mai sharaɗi daidai da ɗamarar da yake nema. Wanda bai kai ba a gaya masa abu ɗaya ko biyu da zai gyara, a sa masa rana ya dawo ba tare da ya sake biyan kuɗi ba, domin kada faɗuwa ta zama hanyar samu, kada kuma cin jarrabawa ya zama abin saye. Idan duk malaman gari suka tsaya a kan wannan, babu wanda zai ji tsoron a janye masa ɗalibai.

Ga manyanmu masu manyan dan da shugabannin ƙungiyoyin jihohi, roƙona na musamman shi ne ku riƙa tara mu, mu masu horarwa, ko da sau ɗaya a wata, ba domin taron jawabi ba, sai domin mu sa kayan wasa mu tsaya a layi ku duba Teguk ɗinmu da Koryo ɗinmu, wato pumsen farko na baƙar ɗamara, kamar yadda muke duba na yara. Da yawanmu rabonmu da a gyara mana tsayuwa tun ranar da muka karɓi baƙar ɗamara, kuma kuskuren malami ɗaya yana yaɗuwa ga duk wanda ya bi ta hannunsa. Wayar hannu ta isa a ɗauki motsin mutum a rage saurinsa a gwada shi da hotunan koyarwa da Kukkiwon take sakawa a intanet, a kuma karanta sabuwar dokar gasa tare, a fassara wa wanda bai ji harshen da aka rubuta ta ba. Fili da allo biyu da wanda zai kira taron su ne kawai abin da ake buƙata, kuma idan aka sa rana, ni da ɗalibaina manya za mu zo.

Wassalamu alaikum.

Naku,
ɗan'uwanku kuma almajirinku a wannan wasa.